Yadda za a ciyar da yaro bayan dashen ƙashi a tsagaggen dasashi, da matsayin ƙwayoyin bitamin a wannan jinya

Yaron da aka haifa da tsagewar leɓe da ganda, sau da yawa tsagar tana ratsa ƙashin muƙamuƙin sama, daidai wurin da haƙora suke tsirowa. Ɗinkin leɓe da ake yi masa yana jariri, da ɗinkin ganda da ke biyo baya, suna rufe nama ne kawai, giɓin da ke cikin ƙashi yana nan yadda yake. Shi ya sa likitocin wannan fanni suke sake wani aikin idan yaro ya kai tsakanin shekara 8 da 11, lokacin da yake famfara, kafin fiƙar dindindin ta fito. A wannan aiki ana ɗebo ƙashi mai laushi daga cikin ƙugun yaron, a cusa shi a giɓin, sannan a jawo dasashi a rufe shi da ɗinki. Likitoci biyu a Amurka, Boyne da Sands, su ne suka bayyana wannan hanya a shekarar 1972, kuma har yau ita ce aka fi bi a duniya. Ko a ina aka yi wa yaro aikin, a nan Nijar ko a waje, mafi yawan jinyar a gida take kasancewa, a hannun uwa da kaka da ƴan uwa, kuma tambayar da iyaye suka fi yi idan an sallame su ita ce wane bitamin za su saya domin ƙashin ya yi saurin kamawa.

Amsar da ta dace a fara da ita ita ce babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana gaggauta kamawar dashen ƙashi a jikin yaron da yake cin abinci wadatacce. Abin da aka tabbatar shi ne yaron da yake da ƙarancin jini, ko rama, ko ƙarancin kalsiyam (ma'adinin da ke gina ƙashi) ko bitamin D, rauninsa yana jinkirin warkewa, kuma gyara wannan ƙarancin yana taimaka masa ƙwarai. Saboda haka aikin ƙarin sinadarai shi ne cike giɓin da abinci ya bari, kuma kafin a cike giɓi sai an san akwai shi. Abin da zai biyo baya bayani ne na taimako ga iyaye, amma umarnin likitan da ya yi aikin shi ne gaba da komai, domin shi ya ga girman tsagar da yanayin ɗinkin.

Yana da kyau iyaye su fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin dasashin nan, domin daga nan ne dalilin kowace doka yake fitowa. Ƙashin da aka dasa yana kama da shukar da aka cire daga wuri aka kai wani, wadda rayuwarta ta dogara ga saiwar da za ta yi a makonnin farko. A kwanakin farko ba shi da jijiyar jini tasa, yana samun abincinsa ne daga naman da ke kewaye da shi, sai a hankali ƙananan jijiyoyi su ratsa shi. Daga nan jiki yakan riƙa narkar da ƙashin da aka kawo yana gina sabo a gurbinsa, aikin da yake ɗaukar watanni. Abubuwan da suka fi lalata wannan aiki su ne buɗewar ɗinki, da shigar ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai kumburi, da bugu ko taunar abu mai tauri. Iyayen da suka sayi bitamin mai tsada amma suka bar yaro yana taunar ƙuli-ƙuli a mako na biyu sun yi asarar kuɗinsu, kuma sun jefa aikin cikin haɗari.

Shiri na gaskiya yana farawa ne wata biyu ko uku kafin ranar aikin. A kai yaro asibiti a auna nauyinsa da tsayinsa, a kuma gwada jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar yaro mai shekara 5 zuwa 11 a matsayin mai ƙarancin jini idan hemogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, ya gaza giram 11.5 a kowace desilita ta jini, kuma a yankinmu, inda zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suke cin jinin yara, wannan ba baƙon abu ba ne. Idan gwaji ya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, likita zai rubuta maganin ƙarin jini, wanda yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma galibi ana shan sa wajen wata uku. Wanda ya fara shi ana gobe aiki bai tsinana komai ba. A tambayi likita batun maganin tsutsa, a tabbatar yaro yana kwana cikin gidan sauro, musamman idan an sa ranar aikin a babban hutun lakwal, wanda yake faɗowa daidai da damina, lokacin da sauro ya fi yawa kuma rumbuna suka fi yin ƙasa. Yaron da yake da sikila kuwa, ba a ba shi maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata, kuma dole ne a sanar da masu aikin da masu sa barci tun da wuri. A cikin wannan lokaci ne kuma ya kamata a kai shi wurin likitan haƙori a cike ko a cire haƙoran da suka ruɓe, a koya masa goge baki sau biyu a rana, domin a ganina wannan ziyara ta fi kowace kwalbar bitamin tasiri a kan sakamakon aikin.

Duk abin da yaro yake sha, na asibiti ne ko na gargajiya, a faɗa wa likita kafin aiki ba tare da ɓoyewa ba. Bitamin E mai yawa, da man kifi, da ƙwayoyin tafarnuwa, da ginsen, suna iya ƙara zubar jini, shi ya sa masu sa barci sukan nemi a dakatar da irinsu mako biyu kafin tiyata. Jiƙo da tsimi da garin maganin da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma a ajiye su. Akwai wani abu da ya fi waɗannan haɗari, wato magungunan sa ƙiba da buɗe ciki da masu talla suke yawo da su a faranti, waɗanda wasunsu suke ɗauke da deksametazon ko danginsa. Wannan magani yana kumbura fuskar yaro har uwa ta ɗauka ya murmure, alhali yana raunana garkuwar jiki, yana hana rauni warkewa, yana kuma rage ƙarfin ƙashi. Idan yaro ya daɗe yana shan irinsa, kada a yanke shi farat ɗaya, a kai wa likita kwalin ya gani, domin janye shi ma yana da ƙa'ida.

Bayan aiki, kwanakin farko na abin sha ne, daga baya a koma abinci mai laushi wanda ba ya buƙatar tauna, kuma asibitoci da yawa suna neman a ci gaba da haka har mako huɗu zuwa shida. A nan ne matsalar take, domin bakin yaro yana ciwo, ƙugunsa yana ciwo, ba ya son ci, kuma abin da ya fi sauƙi a gida shi ne a dama masa koko ko kunu mai ruwa-ruwa safe da yamma. Kunun gero tsura yana cika ciki amma furotin ɗinsa kaɗan ne, kuma da furotin ne jiki yake saƙa kolajin, wato zaren da ma'adinai suke zama a kansa su zama ƙashi. Yaro mai shekara 9 zuwa 13 yana buƙatar wajen giram 34 na furotin a rana yana lafiya lau, mai jinya kuwa ya fi haka. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6, kofin madara na mililita 250 yana ba da wajen giram 8. Saboda haka a mayar da kowane kunu abinci cikakke: a dama shi da madara ko kindirmo, a zuba masa niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi ko garin waken suya, a ɗan sa mai. Garin Misola, wanda ake haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa, yana yin wannan aiki idan an same shi. Idan an shiga matakin abinci mai laushi, a kawo dafaffen ƙwai da aka murƙushe, da alale, da faten wake da aka cire ɓawonsa aka dafa ya yi luguf, da awara dafaffiya wadda ba a soya ba, da kifi da aka tsince ƙayarsa tsaf, da hanta ko nama da aka daka aka narkar a miya, da tuwo mai laushi ƙwarai da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, da ƙaramin cokali, ta gefen da ba a yi aikin ba, kuma abincin ya huce sosai.

Batun kalsiyam ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne aka fi yin kuskure. Jadawalin masana abinci na Amurka ya sa miligiram 1,000 a rana ga yaro mai shekara 4 zuwa 8, da miligiram 1,300 ga mai shekara 9 zuwa 18. Kofin madara ɗaya yana da wajen miligiram 300. Yaron da abincinsa ya tsaya ga gero da dawa kaɗai yana nesa da wannan adadi, kuma dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari mai suna fitet wanda yake riƙe kalsiyam da ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotsarsu. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan sinadari. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda laushin ƙashi sun fi samun sauƙi da kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, a kan bitamin D shi kaɗai. Darasin da ke ciki ga ƙasashe masu rana irin tamu shi ne abin da ya fi yin ƙaranci a abincin yara sau da yawa kalsiyam ne. Alhamdu lillahi, Damagaram ba ta rasa abin cike wannan giɓi ba. Akwai nono da kindirmo, akwai garin kuka wanda yake cikin ganyayen da suka fi yawan kalsiyam, akwai zogale, akwai riɗi da za a niƙa ya yi laushi a dama a kunu, akwai kuma cuku. Cuku busasshe yana da tauri, bai kamata yaro ya tauna shi ba, amma idan aka daka shi lukui aka jiƙa aka dama a kunu ko fura, abinci ne mai gina ƙashi. Madarar da aka tatso daga garke a tafasa ta kafin a ba yaro ko a yi kindirmo da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗaukar cututtukan dabbobi, kuma fura a dama ta da ruwa mai tsabta, a tace ta yadda ba gudaji.

Idan yaro ba ya shan madara, ko tana ɓata masa ciki, ko gida ba ya iya samar da ita kullum, to nan ne ƙwayar kalsiyam take da gurbi, kuma likita ne zai yanke adadinta bisa abin da yaron yake samu a abinci. Jiki ba ya tsotsar fiye da wajen miligiram 500 a zama ɗaya yadda ya kamata, saboda haka akan raba ta biyu, kuma nau'in kabonet ana shan sa tare da abinci. Tana iya ɗaure ciki, sai a yawaita ruwa. Kada a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, a bar tazarar awa biyu tsakaninsu, domin kalsiyam yana rage tsotsar ƙarfe, kamar yadda shayi yake yi. Idan ƙwayar ta tauna ce, a murƙushe ta a cokali, yaro bai kamata ya gartsa komai ba.

Bitamin D shi ne yake taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam, kuma fata tana ƙera shi da hasken rana. Buƙatar yaro a rana ita ce 600 a ma'aunin da ake rubuta UI a kwalin magani. Yaron da yake wasa a waje galibi ba ya rasa shi, amma yarinyar da take yini a ɗaki ko take rufe jiki gaba ɗaya, ko yaron da yake shan wasu magungunan farfaɗiya, suna iya yin ƙasa, kuma ya dace a gaya wa likita haka. Abin tsoro a nan shi ne ƙananan kwalaben da ake fasawa a sha, waɗanda kowace ɗaya take ɗauke da UI 100,000 ko 200,000. An yi su ne domin a sha sau ɗaya a cikin watanni bisa takardar likita. Wanda ya riƙa ba yaro su mako-mako yana neman ƙashi ya kama da wuri zai tara masa kalsiyam a jini, abin da yake kawo amai, da ƙishirwa mai tsanani, da yawan fitsari, da lahani ga ƙoda. Haka ma bitamin A: jiki yana ajiye shi, kuma yawansa yana cutar da hanta da ƙashi. Wanda ake ɗiga wa yara a lokacin gangami na masu wata 6 zuwa 59 ne, ba abin da za a nemo wa ɗan shekara goma ba ne.

Bitamin C ba ya buƙatar dogon bayani. Jiki yana amfani da shi wajen saƙa kolajin, kuma miligiram 45 a rana ya ishi yaro mai shekara 9 zuwa 13. Garin ƴaƴan kuka da aka jiƙa aka tace, da gwanda, da mangwaro nunanne idan lokacinsa ne, da gwaba da aka markaɗa aka tace ƴaƴanta, duk suna biyan wannan buƙata, kuma garake irin na Mirya da Gidimuni ba sa rasa wani abu a cikinsu. Ƙwayar nan mai tafasa a ruwa ta miligiram 1,000 ta zarce buƙata nesa ba kusa ba, ga tsami mai zafi a sabon rauni. Lemun tsami da zoɓo mai tsami su ma a jinkirta su zuwa ɗinki ya haɗe. Zinki yana cikin nama da hanta da wake da gyaɗa. Ƙwayarsa ta miligiram 20 da ake bayarwa a asibiti ta gudawa ce ta kwana 10 zuwa 14, kuma shan ta wata da watanni yana da nasa lahani. Bitamin masu kama da alewa suna manne wa haƙora da zaren ɗinki, a guje su. Plumpy'Nut kuwa, wato haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa mai kauri da ke zuwa a ƴan fakiti, magani ne na yaran da tamowa ta kama sosai, ba abin saye a kasuwa ba ne domin ƙarin ƙarfi, kuma kaurinsa yana liƙewa a rauni. Idan ma'aikatan lafiya ne suka rubuta shi saboda yaron ya rame, a tambaye su yadda za a ba shi ba tare da ya taru a wurin ɗinkin ba.

Idan har likita ya rubuta wani ƙari, a saye shi a farmasi, a duba ranar ƙarewar aikinsa, a ajiye shi a inuwa, domin zafin watannin Afirilu da Mayu da yake wuce digiri 40 yana lalata magunguna. A kulle shi inda ƙannen yaron ba za su kai ba, musamman ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda suke iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiye su da yawa. Baƙin bayan gida ga mai shan ƙwayoyin ƙarin jini ba abin tsoro ba ne. Kada a haɗa kwalabe biyu ko uku na bitamin iri-iri, na kawu da na gwaggo da wanda maƙwabciya ta kawo, domin kowace tana maimaita abin da ke cikin ɗaya, sai adadi ya wuce kima ba a sani ba. Masu zuwa dubiya suna zuwa da kyakkyawar niyya, kuma ya fi a gaya musu kai tsaye cewa madara da ƙwai ne suka fi amfani ga yaron. Maganin ciwo a tsaya ga wanda aka rubuta, wanda galibi farasetamol ne. Asfirin ba na yara ba ne kuma yana ƙara zubar jini, ibufurofen kuwa sai da izinin wanda ya yi aikin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi duka ko da yaro ya ji sauƙi.

Kiyaye rauni shi ne rabin jinyar. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, goruba, rake, busasshen dabino, ƙanzo, soyayyar fara da cingam duk a nesanta su da yaro har likita ya ba da izini, kuma a gaya wa abokan wasansa da ƴan uwansa, domin ta hannunsu ne waɗannan abubuwa suke shigowa. Kada ya sha abu da bututun zuƙa, kada ya fyace majina, idan atishawa ta zo masa ya buɗe baki, abin da ya kamata a tuna masa sosai a lokacin hunturu da ƙura. Bayan kowane abinci da kowane siro mai zaƙi ya kurkure baki a hankali da ruwa mai tsabta ko da maganin kurkurar da aka ba shi, ya goge sauran haƙoransa da buroshi mai laushi yadda aka nuna masa, asuwaki kuwa ya dakata. Kada a shafa zuma, ko kanwa, ko man shanu, ko garin magani a kan ɗinkin, kuma ƙugun da aka ɗebi ƙashi ba karaya ba ce da za a kai wa maɗori. Ƙwallo, kokawa, keke da hawan jaki su jira wajen mako shida. A nesanta shi da hayaƙin taba da na murhu. Idan jinyar ta faɗo cikin watan azumi kuma yaron ya fara gwada ɗauka kamar tsararsa, a lallashe shi ya bari, domin marar lafiya yana da uzuri, kuma jikinsa yana buƙatar abinci da ruwa a cikin yini.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba idan yaro ya yi zazzaɓi, ko kumburi ya ƙaru bayan kwana uku ko huɗu maimakon ya ragu, ko mugunya ko wari suka fito, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ɗinki ya buɗe har ana ganin ƙashi, ko ruwa ya fara fitowa ta hanci idan ya sha, ko ya ƙi ci da sha har fitsarinsa ya ragu. Zazzaɓi a nan yana iya zama na sauro, yana iya zama na rauni, saboda haka a yi gwajin jini kuma a sa a duba bakin. Iyayen da aka yi wa ɗansu aiki a Yamai, tafiyar wajen kilomita 900 daga Zinder, su karɓi lambar wayar asibitin da takardar bayanin aikin kafin su taso, su kuma tambayi wurin da za su fara zuwa a nan gida idan wani abu ya taso. A riƙa auna nauyin yaro kowane mako a makonnin farko, ƴar raguwa a farko ba ta da damuwa, amma idan yana ci gaba da ramewa bayan mako biyu a sanar da likita. Hoton ƙashi da ake ɗauka bayan wata uku zuwa shida shi ne zai nuna ko dashen ya kama, kuma a wannan ziyara ce ya dace a tambayi likita ko za a ci gaba da ƙarin da aka rubuta ko a dakatar da shi, da kuma lokacin da za a fara gyaran jerin haƙora domin fiƙa ta sauko ta cikin sabon ƙashin.